Renée Geyer: mai murya daban, mai waƙa daban

A 1977 kamfanin faifai na Polydor ya zo wa wata mawaƙiya da shawara: za mu fitar da faifanki a Amurka, amma kada a sa hotonki a bango. Hujjarsu ita ce duk wanda ya ji muryarta a rediyo ɗauka yake baƙar fata ce, gidajen rediyon baƙaƙen Amurka kuwa su ne babbar kasuwar waƙar soul, salon da ya samo asali daga waƙoƙin cocin baƙaƙen Amurka. A bari jama'a su kamu da muryar tukuna, in ya so daga baya su ga fuskar. Ta ce atafau sai an sa. Aka sa, sai ga Baturiya, Bayahudiya, daga Ostireliya. Faifan bai je ko'ina ba a can.

Sunanta Renée Geyer, kuma duk wanda zai ba da tarihinta da wannan labarin yake farawa, kamar shi kaɗai ya hana ta zama shahararriya a duniya. Ni a ganina rabin maganar ke nan. Ko da faifan ya ci kasuwa a Amurka, akwai abin da zai ci gaba da bin ta: sana'arta rera waƙa ce, manyan waƙoƙin da aka san ta da su kuwa wasu ne suka rubuta. A harkar kiɗan Turai kuɗi alƙalami yake bi, maƙogwaro sai dai ya samu na cefane.

An haife ta a Melbourne ranar 11 ga Satumba 1953. Mahaifinta Bayahuden Hangari ne, mahaifiyarta daga Silobakiya, tana cikin waɗanda suka tsira daga sansanin Auschwitz na 'yan Nazi, sunan Renée ma na wata mata ce da ta taimaki uwar a sansanin. A Sydney ta tashi, inda iyayenta ke kula da masaukin baƙi 'yan ƙaura. Tun tana 'yar shekara goma sha shida ta fara bin ƙungiyoyin makaɗa, ta shiga wata mai suna Sun da ta fitar da faifai a 1972, ta fitar da nata na farko a 1973. A 1974 ta ɗauki waƙar James Brown ta 1966, "It's a Man's Man's Man's World", ta rera. Daga nan ƙasar ta san da ita.

Mu a nan mun saba da mawaƙin da shi ke ƙirƙirar waƙarsa, ko a fada ko a dandali, shi ya sa da an ce wance waƙar wani take rerawa sai a ga kamar kwaikwayo take. Ku dubi abin da ya faru da waccan waƙar. A bakin namiji, cewa duniya ta maza ce amma ba ta da daɗi sai da mace, alfahari ne da ɗan lallashi a ƙarshe. A bakin mace mai shekara 21 da murya kamar ta dattijon da ya sha duniya, baitin nan dai sai ya koma ƙorafi. Ba sai ta sake rubuta komai ba. Inda ta ja numfashi, kalmar da ta danne, wadda ta sake ta wuce, su suka juya ma'anar. Wannan aiki ne mai ƙa'idoji, kuma ana iya bayaninsa.

Mu fara da kiɗan da take hawa. Funk, yadda James Brown da makaɗansa suka gina shi a shekarun 1960, gaɓa ce mai bugu huɗu tana maimaituwa, nauyin duka a kan bugun farko. Kowane bugu ana raba shi gida huɗu, wato gurbi 16 a gaɓa guda. Saurin yakan tsaya tsakanin bugu 90 zuwa 110 a minti. Idan aka ce 100, kowane bugu daƙiƙa 0.6 ne, kowane gurbi 0.15. A cikin wannan 'yar tazarar ake duk wasan. Babbar gangar ƙafa tana faɗawa a kan ɗaya, ƙaramar mai kaifi a kan biyu da huɗu, tsakaninsu mai ganga yana ɗan shafa fatar da taɓawar da kunne bai cika ji ba amma ƙugu yana ji. Mai jitar bas yana dira tare da gangar ƙafa a ɗaya, sannan ya yi yawonsa ya dawo. Mai jita hannun damansa ba ya tsayawa, yana kaɗa gurbi 16 ɗin duka, amma na hagu yana danne wayoyin, sai biyu ko uku yake bari su yi amo. 'Yan busa su soka gajeriyar magana su yi shiru.

Abin da ke ɓata shi sananne ne. Na farko cika gurbi: kowa na son a ji shi, sai mai jita da mai ogan da 'yan busa su taru a wuri ɗaya, mai waƙa ta rasa inda za ta sa ƙafa. Na biyu, mai ogan ya riƙa buga ƙananan sautuka da hannun hagu alhali mai bas yana wurin, sai ƙasan kiɗan ya zama kunu. Na uku, mai ganga ya ƙara sauri duk lokacin da aka zo amshi don jini ya hau, a fara waƙa a 96 a gama ta a 108, nauyin ya zube.

Na huɗu shi ya fi shafar Geyer. Salon soul yana son mai waƙa ta ɗan makara, ta shigo bayan bugu da abin da bai kai gurbi ɗaya ba, kamar mai tafiyar ƙasaita da ba ta sauri don kowa. Wannan jinkirin ne ke sa mai sauraro ya miƙo wuya. Amma yana aiki ne kawai idan makaɗa sun tsaya kyam a inda suke. Makaɗin da bai ƙware ba da ya ji ta makara sai ya rage sauri don ya jira ta, ita kuma ta sake makara a kan sabon saurin, kafin a kai tsakiya waƙar ta kwanta. Don haka mawaƙiya irinta ba ta iya aiki da kowane mai ganga, kuma dole ta faɗa masa a fuska cewa ya daina bin ta. Da yawa daga sunan da ta yi na mai wuyar sha'ani, ina zargin daga irin wannan wurin ya samo asali. Namiji shugaban ƙungiya in ya yi haka sai a ce ya san aikinsa. James Brown tarar kuɗi yake cin makaɗansa idan suka yi kuskure a dandamali, ba a fasa kiransa gwani ba.

Faifanta na 1975, Ready to Deal, wanda ta yi da ƙungiyarta, da Mal Logan a kan ogan da piyano, Barry Sullivan a bas, Mark Punch a jita, shi ne wurin da za a ji wannan tsarin ya zauna daidai. A ciki ne "Heading in the Right Direction" take, waƙar da har ta mutu ba a barin ta sauka ba ta rera ba. Mark Punch da Garry Paige ne suka rubuta ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin a rera waƙar wani akwai zaɓen matakin murya, nan ma ƙananan mawaƙa ke faɗuwa. Ana nemo sauti mafi tsawo da mafi zurfi a cikin waƙar, a matsar da ita gaba ɗaya har na saman ya zauna ƙasa da iyakar muryar da mataki ɗaya cikakke. Kada a gwada da rana lokacin da murya ke garau, a gwada bayan an yi sa'a biyu ana waƙa, don a wannan halin za a rera ta a gaban jama'a. Mata da yawa in sun ɗauki waƙar namiji sai sun ɗaga ta mataki uku ko huɗu. Geyer muryarta mai zurfi ce, ta ƙasan muryoyin mata, ga dishi-dishi a ciki, shi ya sa take iya zama kusa da inda maza ke rerawa, kalmomin su fito da nauyin magana maimakon tsiwar sama.

Dishin nan kuwa jari ne kuma haɗari ne. Tantanin murya guda biyu ne a maƙogwaro, na mace tsawonsu bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba, kuma a magana ta yau da kullum suna haɗuwa suna rabuwa wajen sau 200 a daƙiƙa. Idan aka yi ta matsa musu da ƙarfi, wurin da suke gogar juna yakan kumbura, daga baya ya yi kanta kamar hannun manomi. Alamar farko sautukan sama su fara ɓacewa, ko a riƙa jin iska kafin murya ta fito. Dishin da ya wuce mako uku zuwa huɗu na likitan maƙogwaro ne, a leƙa da na'ura a gani, shan zuma da citta ba zai warware kanta ba. Raɗa ma, da mutane ke ɗauka hutu ne, matsa wa tantanin take yi.

To ku dubi inda ta yi aikinta. Kasuwar kiɗan Ostireliya ta shekarun 1970 da 1980 a mashaya take da kulob-kulob, dare biyar ko shida a mako ga wanda ake nema. Hayaƙin taba cike da ɗaki, don sai a Yulin 2007 jihohin Victoria da New South Wales suka hana shan taba a cikin mashaya. Ba a fara amfani da 'yar na'urar da mawaƙa ke sawa a kunne don jin kansu ba, lasifika ce a ƙasa gaban ƙafa, in aka ƙara mata ƙarfi ta fara kuka, in aka rage mai waƙa ta daina jin kanta. Mutum kuwa in bai ji muryarsa ba, ɗaga ta yake yi bai sani ba. Maganin da ƙwararru suka sani shi ne a rage amon jita da ganga a dandamali, a kusantar da makirufo har ya kusa taɓa leɓe a wuraren sanyi, don kusancin yana ƙara wa murya kauri, a janye shi kamar taƙi ɗaya idan za a buɗe maƙogwaro. Ga kuma hanya: Sydney zuwa Melbourne kusan kilomita 880 ne, Adelaide zuwa Perth kusan 2,700, da makaɗa shida ko bakwai da kayansu. Wadda ta yi shekara hamsin a wannan yanayin muryarta ba ta ƙare ba, ba sa'a ce kawai ta riƙe ta ba.

Yanzu lissafi. Kowace waƙa da aka ɗauka a sitidiyo dukiya biyu ce a doka. Akwai waƙar kanta, wato baiti da kari, ta marubuci ce da kamfanin da ke kula masa da ita. Akwai kuma ɗaukar, wato sautin da ke kan faifai, wadda galibi ta kamfanin da ya biya kuɗin sitidiyo ce. Salon rerawa, duk wannan jinkiri da numfashi da muka yi bayani, ba shi da kaso a dukiyar farko. A Ostireliya ƙungiyar APRA, da aka kafa tun 1926, ita ke karɓar kuɗi daga rediyo da talabijin da wuraren wasa ta raba wa marubuta. Wato duk daren da Geyer ta hau dandamali ta rera waƙar wani, lasisin da mai wurin ya biya wa marubucin yake tafiya. Ita kuɗin wasan daren ne nata, bayan ta sallami makaɗa da mai lasifika da mai mota.

Ɓangaren ɗauka fa? Dokar haƙƙin mallaka ta 1968 ta ƙayyade cewa gidan rediyon kasuwanci a Ostireliya ba za a tilasta masa biyan fiye da kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigarsa ba a kan sautin faifan da yake sakawa. A Amurka kuwa gidajen rediyon AM da FM marubuci kaɗai suke biya, mai murya da kamfaninsa ko sisi, har yau. Saura cinikin faifai, nan kuma kafin alƙalami ke jira. Mu ƙaddara kamfani ya kashe dala 100,000 a kan sitidiyo da furodusa da tafiya, kason mawaƙiya kuma dala ɗaya ne a kowane faifai. Sai an sayar da 100,000 kafin ta ga ko kwabo, domin daga kasonta ake cire bashin, ba daga ribar kamfani ba. Marubuci kuwa tun daga faifan farko ake lissafa masa nasa. A ƙasar da faifai 35,000 ya isa a ba ka lambar zinare a yau, ku auna da kanku. A 1977 mutanen Ostireliya kusan miliyan 14 ne, na Amurka kusan miliyan 220. Ba kwaɗayi ne ya kai ta Los Angeles ba, kasuwar gida ce ba ta isa ta ɗauki nauyin irin faifan da take son yi ba.

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, in ji masu magana, kodayake ba zan kira marubutan gardawa ba, haƙƙinsu suka ci, wasunsu ma abokan aikinta ne. Ita ma ta sa hannu a rubuta wasu waƙoƙin. Amma wadda ta fi kowacce yi mata kasuwa, "Say I Love You" ta 1981, da ta kai ta biyar a Ostireliya ta kuma zo ta ɗaya a New Zealand, ta Eddy Grant ce.

Wannan matsin ne ya kai ta ga abin da mu a nan ba baƙo ba ne a wurinmu: waƙar siyasa. A ƙarshen 1975, bayan an sauke gwamnatin Gough Whitlam a watan Nuwamba, ta rera wa jam'iyyar Liberal ta Malcolm Fraser waƙar yaƙin neman zaɓe. Mawaƙa da yawa na lokacin suna ɗaya ɓangaren, abin ya bi ta shekaru. Daga baya ta nesanta kanta, ta ce kuɗin yin faifai a Amurka take nema. Ba na wanke ta, wanda ya ara wa ɗan siyasa muryarsa ya san abin da ya sayar. Amma mawaƙiyar da kason waƙoƙinta ke shigo mata duk wata shida ba ta cika buƙatar irin wannan kwangilar ba.

Faifan Amurkan da aka yi rigimar hoto a kansa, Moving Along, ba ƙaramin aiki ba ne. Frank Wilson na kamfanin faifai na Motown ne furodusa, a cikin makaɗan akwai Ray Parker Jr. da wasu daga ƙungiyar Stevie Wonder. Game da hoton, ina ganin ta yi daidai, ba don jarumtaka kaɗai ba. Ɓoye fuska dabara ce mai gajeren wa'adi, ranar da za ta fito talabijin ko dandamali asiri zai tonu, masu sauraron da aka yaudara kuwa su ne ainihin masu wannan kiɗan, daga cocinsu da wahalarsu ya fito. Gara a ƙi ka da fuskarka. Ita kanta ba ta taɓa ɓoye daga wurin wa ta koya ba.

A tsakiyar shekarun 1980 ta koma Los Angeles da zama, ta zama 'yar amshi. Muryarta tana cikin faifan Sting na 1987, ta yi wa Joe Cocker da Chaka Khan da Toni Childs aiki. Amshi a sitidiyo sana'a ce ta daban: a koyi layi cikin minti kaɗan, a rera shi sau biyu ko uku iri ɗaya sak don a jera su, a daidaita ƙarshen kowace kalma da na sauran, a danne duk wani abin da zai sa a gane ke ce. Ku yi tunanin muryar da ake ganewa daga kalmar farko tana wannan aikin. Ladansa na zama ne, a biya ka a sallame ka. A 1988 ƙungiyar Easy Pieces, da ta haɗa ta da Hamish Stuart da Steve Ferrone na Average White Band, ta fitar da faifai ɗaya a kamfanin A&M, bai samu kasuwa ba.

Dawowarta gida ta fi kyau. Paul Kelly, wanda yana cikin manyan marubutan waƙa na ƙasar, ya shirya mata faifan Difficult Woman a 1994, ya rubuta waƙar da aka sa wa faifan sunanta, wato mace mai wuyar sha'ani. Ta karɓi laƙabin ta ɗaura shi kamar ɗankwali, har ta sa shi a sunan littafin tarihinta na 2000. Kelly ya sa ta rage ƙarfi, ta rera a hankali, a ji tsagewar muryar maimakon tsawarta. Tenderland na 2003, wanda tsofaffin waƙoƙin soul ne na wasu, ya kai na 11, matsayin da babu faifanta da ya taɓa kaiwa. A shekarar ta cika hamsin. A 2005 aka shigar da ita zauren girmamawa na ARIA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Ostireliya.

Kada a ɗauka wannan matsalar ta zamanin garmaho ce. A Melbourne ɗin nan akwai Kylie Auldist, mawaƙiyar ƙungiyar The Bamboos. A 2009 ta rera "This Girl" tare da Cookin' on 3 Burners, makaɗa uku masu ogan da jita da ganga. A 2016 wani matashin Bafaranshe mai suna Kungs ya ɗauki waƙar ya ƙara mata sauri da bugun rawa, ta zo ta ɗaya a Faransa da Jamus, ta biyu a Birtaniya. Sunan da ke kanta shi ne Kungs da Cookin' on 3 Burners. Miliyoyin mutane sun haddace muryar ba su san sunan mai ita ba. Abubuwan da ke raba mai murya da irin wannan ƙaddarar a takarda suke, kafin a shiga sitidiyo: shin sunanta zai fito a matsayin mai waƙa ko 'yar amshi, shin ladan zama ne ko da kaso, in ta ƙara baiti ko ta canza kari nawa ne rabonta a rubutun, wa ke da ikon ba wani izinin sake sarrafa sautin, kuma in an sake sarrafawa sunan wa za a rubuta. Ranar da ake ɗaukar waƙa kowa aboki ne, ba wanda ke son tayar da maganar, shi ya sa ake barinta sai kuɗi ya shigo.

Geyer ta yi fama da sankarar mama a 2009 ta tashi, ta fitar da faifan Swing da babbar ƙungiyar 'yan busa a 2013. A Janairun 2023 aka kwantar da ita a asibiti a garin Geelong kusa da Melbourne don aikin ƙugu, a nan likitoci suka gano tana da sankarar huhu da ba ta aikatuwa. Ta mutu ranar 17 ga watan tana da shekara 69. Wata ɗaya kafin nan tana kan dandamali, ɗaki cike, tana aiki.